Itatuwan Kaɗanyar Mma Azara

Tun ranar da na dawo daga Gana ban huta ba. A ofis ne, a ƙofar masallaci ne, a teburin mai shayi ne, kowa sai ya tare ni: "Malam Lawal, yaya Gwanjar? Da gaske har yanzu yunwa suke yi? Ina goronmu?" Ni kuwa sai in ba da labarin mata masu tuƙa keke, a yi dariya, in sulale. Abin da ya hana ni zama in faɗa tiryan-tiryan shi ne akwai ɓarnar da na yi a can da bakina, ga mutanen da suka ba ni ɗaki da ruwan wanka a garin da ruwa ya fi nama wuyar samu. Na sa an kashe wa wata tsohuwa itatuwan da take ci da su. Na gaji da riƙe maganar a ciki, don haka ga ta gaba ɗaya, wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

Ga wanda bai san aikina ba, ina sashen tsare-tsare ne na ma'aikatar gona. Mu ne masu hasashe. Mukan tara abin da aka noma a shekarun baya, da yadda jama'a ke ƙaruwa, da farashin kasuwa, mu ja layi a takarda mu ce nan da shekara goma ko sha biyar ga abin da zai yi daraja, ga wanda zai faɗi. Mahaifiyata a Funtuwa ba ta taɓa yarda wannan aiki ne ba. In an tambaye ta sana'ata sai ta ce, "Duba yake yi wa gwamnati, sai dai shi ba ya zana ƙasa."

To, aka kira taron mako guda a Tamale na masu irin wannan aiki daga ƙasashen da ke noman dawa da gero da shinkafa. Sunana ya fito, amma tikitin jirgi bai fito ba, don lokacin tsuke bakin aljihu ne. Shugabana ya ce ai an buɗe iyaka, in bi mota, in ga duniya. Na biya Funtuwa sallama, sai Kawu Bala, wanda ya yi fataucin goro tun kafin a haife ni, ya rubuta mini wasiƙa da ajami zuwa ga Alhaji Iddi, ɗan maigidansa na dā a Tamale. Ya ja mini kunne ƙwarai: "Kada ka kuskura ka shiga gidan nan hannu rabbana. Uban yaron nan ya riƙe ni shekara da shekaru. Yanzu an ce sabulu ma gagararsu yake." Na cika kwali da sabulu, da sukari, da madarar gwangwani, da batir, da turmin atamfa guda. Na ɗaure shi tsaf da igiya, har da rubuta sunana a jiki, irin na ma'aikaci.

Hanyar tsofaffin fatake na bi: Sakkwato, Kamba, Gaya, na ƙetare Kwara zuwa Malanbil, sai Kandi, sai Jugu, sai Kara. A motar Gaya na haɗu da Hajiya Kande, wata mai kai kanwa da albasa kudu, mace mai jiki da murya. Tana ganin kwalina ta riƙe haɓa.

"Ɗan nan, wa ya ɗaure maka wannan? Ai kiran ɓarayi ka yi da kanka. Ana raba kaya ne, wannan a hannun riga, wannan a cikin tabarma."

Na ce mata ina da takardar gwamnati. Ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce in adana ta da kyau, za ta yi amfani wajen fifita.

Gaskiyarta kuwa. Ba zan kama sunan ƙasa ba, don shingen jami'an hanya duk iri ɗaya ne: ganga biyu, igiya a tsakani, da mutum a inuwa yana jiran ka gaishe shi. A nan a ɗauki gwangwani biyu, a can a ce batir haramun ne sai an bar rabi. Atamfar ta tafi a wani shinge da ko ɗaki babu, wai matar mai shingen ta haihu. Hajiya Kande ita ba a taɓa kayanta ba ko sau ɗaya. Takan sauko tun kafin mota ta tsaya, ta tambayi lafiyar iyali da sunansu, ta ajiye albasa uku, ta dawo. A Jugu muka kwana biyu a gidan wani Bazabarme saboda bakin injin motar ya fashe, muna cin doya da yaji, ni ina ta duba agogo kamar shi zai gyara ta. A Kara muka rabu da Hajiya. Sauran sukarin da na tsira da shi kuwa, galan ɗin kananzir na wani fasinja ne ya tsiyaye a kansa a bayan akori-kura.

Iyakar Gana ce na fi jin tsoro, don ba a daɗe da korar mutanensu daga ƙasarmu ba. Mai duba fasfo ya juya koren littafin nan ya dube ni.

"Nijeriya. Ku ne kun kore mu. Ƙani na ya dawo daga Agege da takalmi guda ɗaya."

Ya buga hatimi, ya miƙo mini, ya ce, "Sannu da zuwa. Ka sha ruwa, hanyar Yandi da zafi paa." Bai ko taɓa kwalin ba, kuma da ya karɓi wani abu da na fi samun sauƙi a raina.

Na shiga Tamale ranar Lahadi da azahar, cikin zafin bazara mai dafa ƙwaƙwalwa. Gari ne shimfiɗaɗɗe, keke ko'ina. Abin da na saba ba ku labari gaskiya ne: mace da goyo a baya, da kwano a ka, tana tuƙa keke tana gaisawa da mutane, ba wanda ya ko waiwaya sai ni baƙauye. A masaukin baƙi da aka ce an kama mana ɗaki, babu sunana a littafi, kuma famfon ya yi wata biyu ko ɗigo bai yi ba. Na ɗauki jakata da kwalin da ya zama fanko na nemi unguwar Dabokpa.

Alhaji Iddi mai sayar da kayan keke ne, siriri, mai furfura a gemu, kakansa ne ya zo daga Katsina da jakuna. Ya karanta wasiƙar Kawu sau biyu, ya ɗora ta a ka, ya ce, "Gida ka zo, ɗana. Babu wani otel kuraa." Ya kwashe kayan ɗaki guda ya ba ni. Lokacin miƙa tsaraba ya yi, na fito da sabulu biyu masu warin kananzir, ina ta kame-kamen bayani. Ya karɓa da hannu biyu yana sa albarka kamar na kawo masa raƙumi. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Wadda ta kawo mini ruwan wanka yayarsa ce, Mma Azara. A can duk babbar mace Mma ake ce mata. Ta haura sittin, mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza biyu suna kudu ba a jin ɗuriyarsu. Rabin bokiti ta ajiye, na dube shi a raina ina cewa rowa, na yi wanka har da zubar da saura. Sai da safe na ga matan gidan suna dawowa daga dam da garewani a ka, tafiyar da ta fi daga gidanmu zuwa tashar Funtuwa sau uku. Daga ranar da moɗa biyu nake wanka.

Hausarsu ta ba ni dariya da farko, don mace da namiji duk "ya" ne, ga Turanci da Dagwambanci a cakuɗe, ga "paa" a maimakon ƙwarai, "kuraa" a maimakon sam. Gaisuwa kuwa ta fi tamu nauyi. Yaro ba ya gaida babba a tsaye, sai ya tsuguna, ana jero masa tambaya yana amsa "naa, naa" har sai babban ya gaji. Abinci bai yi nisa da namu ba: koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, tuwon zafi mai laushi da miyar lalo da yamma. Amma komai da man kaɗe ake yi, ba man gyaɗa ba, kuma duk man gidan daga hannun Mma Azara ya fito. Ita ke tsintar ƙwarar kaɗanya a gona da damina, ta dafa, ta shanya, ta daka, ta soya, ta niƙa, ta kwaɓa da hannu har man ya taso fari. Rabi a ci, rabi ta kai kasuwa.

Alhaji da kansa ya gaya mini abin da man nan ya yi musu a shekarar yunwa, lokacin da fari ya zo kuma wutar daji ta cinye abin da ya rage.

"Shago na babu mai saya ko bawul. Kana da sidi a aljihu, babu masara a kasuwa. Mma ne ya riƙe gidan nan. Yara su ci 'ya'yan itacen a gona, shi kuma ya kai mai wajen mutanen kudu ya karɓo garin rogo. In ba shi ba, da mun binne yara."

Itatuwan suna gonar da sarkin wani ƙauye, can bayan Vittin, ya ba mahaifinsu. Guda ashirin da 'yan kai ne, a jere bakin wata fadama. Tun bara wani mai tarakta yake bin Alhaji: a haɗa fadamar da tudun a yi babbar gonar shinkafa, shi ya kawo tarakta da iri, Alhaji ya kawo ƙasa, a raba amfani. Sharaɗi guda ne, sai an kawar da itatuwan, don garmar tarakta ba ta shiri da saiwa. Gonar da sunan Alhaji take, amma kunyar yayarsa ta hana shi amsawa. Mai taraktan kuma ya ce in Jumma'ar nan ta wuce zai nemi wata ƙasar. Duk wannan na ji shi tun daren farko da kunnena, kada wani ya ce ban sani ba.

Taronmu a wata makarantar koyon aikin gona aka yi, a bayan gari. Babu lantarki, sai allo da alli da ƙananan na'urorin lissafi masu batir, ga wani Bafaranshen Afirka da ke fassara yana gumi. Kwana biyu muna haɗa alkaluman shinkafa na arewacin Gana, layin ya miƙe sama gwanin sha'awa: birane na girma, mutanen birni shinkafa suke so, ga fadamu a kwance. Amma duk mai wannan aiki ya san a ƙarƙashin kowane layi akwai ƙananan rubutu da muke kira sharuɗɗa. In dai gwamnati ta ci gaba da biyan wani kaso na kuɗin taki. In dai ana samun man tarakta da kayan gyaranta da sauƙi. In dai ba a buɗe tashar ruwa ga shinkafar waje ba. Layin nan a kan waɗannan yake tsaye. Kuma magana ce ta yanki guda a shekara goma sha biyar, ba ta gonar mutum ɗaya ba. Wannan shi ne abin da ake fara koya wa sabon ma'aikaci a ofishinmu, ni ma na sha koyar da shi.

Ranar Talata bayan la'asar muna zaune a zaure, Mma Azara tana bakin ƙofa tana tsince ƙwara a faifai, Alhaji ya gyara murya.

"Ɗana, an ce aikinku ku ga abin da zai zo. Shinkafa fa, yana da gaba?"

Abin da ya kamata in ce shi ne ba mu gama ba, kuma Allah ne masani. Amma kwana uku ina cin tuwon mutanen nan, ina wanka da ruwan da aka ɗauko a ka, ga sabulun kananzir na ci mini rai. Sai na ga ga abin da zan bayar wanda ba a ƙwace mini a hanya ba. Na buɗe jaka na zaro takardar, na shimfiɗa a tabarma, na ɗora yatsa a kan layin na bi shi har sama.

"Baba Alhaji, ka ga nan? Shekara goma sha biyar ke nan. Duk wanda ya kama shinkafa yanzu, jikokinsa ma sun huta."

Ƙananan rubutun suna nan a ƙasan takardar, tafin hannuna na kansu. Ban karanta ko ɗaya ba. Na ga za su rage wa kyautar kyau.

Mma Azara ta ɗago kai. "Afa," haka suke kiran malami, "kaɗanya yana ciki?"

Na yi 'yar dariya. Na ce, "Mma, ai wannan takarda ta amfanin gona ce. Kaɗanya itacen daji ce, ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya ƙirga ta." Ta dube ni ɗan lokaci, ta mai da kai ga faifanta. Dariyar nan har yau nakan ji ta a kunnena, kuma ba na son mai yin ta.

Washegari da safe Alhaji ya ce in raka shi gaida sarkin ƙauyen kafin in wuce taro. Al'adarsu ita ce ko gonarka ce ba ka taɓa kaɗanya ko ɗorawa sai da izinin mai ƙasa, kuma ba kasafai yake bayarwa ba. Muka kai goro, muka cire takalmi, muka tsuguna. Sarkin tsoho ne a kan tarin fatu, ba ya magana da baƙo kai tsaye, sai ta bakin wani mai sanda. Aka daɗe ana Dagwambanci. Can mai sandan ya juyo gare ni da Hausa.

"Sarki ya ce itacen nan ya girme shi. Ya ce ba ya so. Amma an ce kai malamin takarda ne daga Nijeriya, ka ga gaba. Gaskiya ne shinkafa zai riƙe mutane shekara goma sha biyar?"

Ga dattawa sun zuba mini ido, ga Alhaji a gefena. In janye a nan in kunyata mai masaukina? Na ce haka takarda ta nuna. Sarkin ya gyaɗa kai a hankali, ya ɓare goro guda. A hanyar dawowa Alhaji yana ta fara'a, ni ma har da jin kaina wani abu.

Ranar Alhamis ban ga Mma Azara ba sam. Tuwona a bakin ƙofa na tarar da shi a rufe.

Jumma'a da safe, ranar rufe taro, sai ga wani baƙo daga Ankara, kamar yadda suke kiran babban birninsu. Daga ɓangaren kuɗi yake, tun Litinin ake jiransa, rashin taya ya tsayar da shi a hanya. Gajere ne mai tabarau, da ganinsa bai yi barcin kirki ba. Ya tsaya gaban allo ya karanta sharuɗɗanmu, ya nemi tsumma, ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ba da jin daɗi yake faɗa ba, amma baitulmali ba zai iya ba kuma. Tallafin taki janye shi za a yi sannu a hankali, mai tarakta zai sayi mai da kayan gyara a farashin kasuwa, kuma ƙofar shinkafar waje buɗe ta za a yi. Ya ce mu sake lissafi.

Muka sake. Layin da na bi da yatsa a tabarmar Alhaji ya ɗan tashi kaɗan, ya lanƙwasa, ya gangaro. Wani ya tambaye shi to me arewa za ta sayar. Ya ce abin da masu saye daga waje suka fara tambaya shi ne ƙwarar kaɗanya, sai dai ba wanda ke da alkalumanta, ko akwai mai su a cikinmu? Babu ko mutum ɗaya. Ni kuwa na tashi na fita ko jakata ban ɗauka ba.

A shago na sami Alhaji yana ɗaure sarƙar keke. Na tsuguna irin tasu na gaya masa duka, har da ƙananan rubutun da na rufe da hannu. Bai katse ni ba. Da na gama ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Takardar shekara goma sha biyar," ya ce, "bai kai kwana huɗu ba?"

Na ce, "Baba, a dakatar da masu saran, don Allah."

Ya ja ƙofar shagon ya sa kwaɗo, ya turo mini keke guda. "Mu je ka gani."

Rabona da keke tun ina makarantar sakandare. Sau biyu ina faɗuwa a yashi, wandona ya yage a gwiwa, Alhaji yana gaba bai waiwayo ba. Da muka hau ɗan tudun da ke kallon fadamar sai na hango su a tsaye, kore shar, ko reshe ɗaya ba a taɓa ba. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har na fara dariya. Alhaji ya ci gaba da tuƙi.

Sai da muka matso na gane. Kaɗanya ba a fara ta da gatari, don itacenta tauri gare shi, kuma wutar daji ba ta yi mata komai saboda kaurin ɓawonta. Abin da suke yi shi ne su sassaƙe ɓawon a zagaye, faɗin taƙi guda, har farin itacen ya fito, sannan su tara kirare a gindin su sa wuta. Sai a bar ta a tsaye ta mutu da kanta, daga baya a kayar a tone kututture. Jiya Alhamis aka yi, da mutum shida, don a gama kafin Jumma'a. Kowace da baƙin zobe a gindi, wasu har lokacin suna ɗan hayaƙi. Uku kawai aka bari, can kan duwatsu inda tarakta ba za ta je ba. A sama kuwa ga 'ya'ya nan ƙanana birjik, don shekarar ta yi musu kyau.

Mma Azara tana gindin ɗaya daga ciki, a durƙushe. Ta kwaɓa laka da kashin shanu a tsohon kwano, tana shafe ciwon da hannu, tana lailayawa. Ta riga ta yi wa guda biyar, ita kaɗai, da ruwan da ta ɗauko daga fadama. Alhaji ya tsaya nesa ya kasa ƙarasowa. Ni na ƙarasa na tsuguna, na gaya mata abin da na gaya masa. Ban san ko ta bi zancen tallafi da tashar ruwa ba, hannunta dai bai tsaya ba.

"Afa, kai malamin gona ne. In na rufe shi haka, zai tashi?"

Na so in ce watakila. Bakina har ya ɗauko kalmar. Amma na yi karatun itace, na san in an yanke ɓawo a zagaye an raba ganye da saiwa ke nan, ga kuma wuta ta bi ta kai.

"Ba za su tashi ba, Mma. Ganyen zai yaudare ki wata biyu ko uku, shi ke nan."

Ta dubi lakar da ke hannunta. Sannan ta ɗaga kai sama ta daɗe tana kallon rassan.

"'Ya'yan da ke kai fa? Zai nuna?"

Na ce mai yiwuwa na bana su nuna, tunda sun riga sun kama.

Ta juya wajen ƙanenta, ba da faɗa ba, ba da kuka ba. "Iddi. Ka bar mini na bana. Kada a kayar sai na tsince."

Mu duka mun san abin da wannan ke nufi. In aka jira ƙwara ta zuba, lokacin huɗa ya wuce, mai tarakta ya tafi. Alhaji ya ce, "Na bar miki, Mma." Ya rasa shinkafar da na yi masa alkawari, ita ta rasa itatuwan, duk a mako guda, ni kuwa da na jawo ko sisi ban rasa ba. Muka ji kiran sallar Jumma'a daga nesa, ba wanda ya motsa sai da aka daɗe.

Na so in koma masaukin baƙi a ranar, Alhaji ya ce in na yi haka na zage shi. Da yamma aka kawo tuwo kamar kullum, da rabin bokiti kamar kullum. Ba wanda ya yi mini gori, ko a fuska. Na roƙi gafara, Alhaji ya ce, "Ni na tambaye ka, kuma ni na kawo gatari. Abin da Allah ya rubuta ne." Na san ladabi ne kawai irin na mai gida. Washegari ya raka ni tasha da kansa, ya yi ciniki da direba, ya ba ni wasiƙa in kai wa Kawu Bala. Kawu ya karanta mini ita a Funtuwa: gaisuwa ce zalla, da cewa ɗanka yaron kirki ne, ya zauna da mu lafiya. Ban iya duban Kawu ba.

Hanyar dawowa ba ni da labarinta, don ban ga komai ba. Na rubuta rahoton taro, shugabana ya yaba, ya ce sabon layin shinkafar ya nuna ƙwarewa. Ko shi ma sabon layin zai tabbata, ban sani ba, kuma yanzu ba na rantsuwa a kan ko wanne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba jahilci ne ya kai ni ba. Na san aikina sarai, so na yi a ce baƙon nan ya zo da wani abu.

Ina rubuta wannan ne ruwa ya sauka, geron bayan gidanmu ya kai gwiwa. Yanzu ne ƙwara ke zuba a can. Mma Azara tana fita da sassafe da kwando, tana bin gindin itatuwan nan ɗaya bayan ɗaya, ganye na bushewa a kanta, tana tsintar na ƙarshe. Ko yau aka binne sabuwar ƙwara a gonar, sai ta kusa shekara ashirin kafin ta haihu, ita kuwa Mma ta haura sittin.